Mai Riƙe Sanda

Ni ne mai riƙe sanda.
Injiniya Boakye yana can ƙarshen layi,
ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, ya kanne ido ɗaya,
yana kaɗa mini hannu: matsa dama, ƙara kaɗan, tsaya.
Inda na tsaya, nan titi zai bi.
Sidi tamanin a wuni, da ruwan leda biyu.

Tun Litinin muka faro daga bakin gada.
Mun auna shagon mai gyaran rediyo,
mun auna rumfar masu wankin babur,
mun auna bishiyar mangwaro, ita kaɗai ba ta zage mu ba.
A takarda layi huɗu ne, sumul kamar tafin hannu,
da doguwar bas mai cika alkawari,
daga Aboabo zuwa Kejetiya kafin shayi ya huce.
Na ga zanen a ofis, har da mutane a ciki,
'yan mitsi-mitsi, babu mai kaya a ka,
babu mai rigima kan canji.

Kuma ina so, kada in yi muku ƙarya.
Na san zaman turoturo a cunkoson la'asar,
gwiwarka a bayan wani, gumin wani a wuyanka.
Na san daren da naƙuda ta kama Zuwera,
mota ta kafe tsakanin kwana da asibiti,
yaron ya gaji da jira, ya sauka a kujerar baya.
Har yau Ɗan Titi ake ce masa.

Ranar Alhamis sanda ta kai ni gida.
Matsa, in ji hannun injiniya.
Na tsallake kwata.
Ƙara. Na wuce dakalin da Baba Gariba ke jan carbi.
Ƙara. Na ratsa zaure ban yi sallama ba.
Tsaya.
Na dubi ƙasa: murhun Mma Barikisu,
duwatsu uku da suka sha wutar shekara arba'in,
tuwon zafi na numfashi dab da ƙafata.

Ta dube ni, ta dubi sandar.
"Mutawakilu, tsawonka suke aunawa?"
Na ce a'a, Mma, ƙasa ce.
Ta gyara itace, ta hura, hayaƙi ya ba ni dalilin hawaye.
"Gaya wa mai ido ɗayan nan,
fataucin goro ya kawo kakanka Kumasi,
hanya ce ta ajiye shi a nan.
In ta dawo karɓar ajiyarta, ba baƙuwa ba ce.
Amma ta jira in sauke tukunya."

Injiniya ya shigo da hula a hannu,
ya gaishe ta da Hausar kasuwa, ta amsa da Turancin asibiti.
Ya ci malmala biyu, ya siɗe yatsu,
sannan ya rubuta lamba a littafi.
Jan fenti aikin wani yaro ne daban,
wannan kam na gode wa Allah.

An ce akwai diyya ga mai takardar fili.
Takardarmu shaidar maƙwabta ce,
su ma an shafa musu ja a bango.
Yanzu kowace safiya Baba Gariba na bin layi a hukuma,
da fayil a hammata, ba komai ciki sai rasit ɗin wuta.

Jiya na roƙi injiniya ya nuna mini murhun a taswira.
Ya laluba, ya dafa yatsa:
tsakiyar layi na biyu, ɓangaren masu sauri.

To, ranar da aka yanke ƙyalle, aka busa ƙaho,
zan biya kuɗina kamar kowa, in nemi kujerar taga.
In kun ga wani ya ɗaga ƙafafunsa biyu
daidai inda babu rami, babu kwana,
ku ƙyale shi.
Gudu yake kada ya taka mata wuta.